Tambayoyi 300, Amsa Ɗaya-Ɗaya: Kundin Aikin Kacici-kacici

Litinin, 6 ga Janairu, 2025

Yau na buɗe wannan kundi don in riƙa rubuta inda aikin ya kwana. Abin da na sa a gaba shi ne haɗa tambayoyin kacici-kacici guda 300 na sanin duniya, kashi biyar: bukukuwa, fasaha, lissafin lokaci, lambobin yabo da wasanni. Kowane kashi sittin. A lissafina aikin mako uku ne, tunda irin waɗannan tambayoyi birjik suke, sai dai mutum ya zaɓa ya darje.

Sharaɗi ɗaya na gindaya wa kaina. Duk tambayar da za ta shiga, sai ta zama mai amsa ɗaya tak, wadda in mai gasa ya miƙe ya ce an cuce shi, alƙali zai kare ta ba tare da kame-kame ba. Na taɓa zama a wata gasa aka fitar da wani yaro a kan amsar da ta fi ta takardar alƙali inganci. Yaron bai ce uffan ba, ya sunkuyar da kai ya koma mazauninsa. Har yau in na tuna sai in ji ba daɗi.

A daren nan na zuba 84 da ka, ban duba komai ba. Gobe sai tankaɗe da rairaya.

Talata, 7 ga Janairu

Tambayar farko ce ta fara faɗuwa. "Wace rana ake bikin Kirsimeti?" Jiya na rubuta 25 ga Disamba gaba gaɗi. To, yau ɗin nan da nake rubutu ake Kirsimeti a Habasha, da wurin Kibɗawan Masar, da cocin Rasha. Armeniyawa kuma jiya suka yi tasu, 6 ga wata. Cocin Rasha bai sauya ranar ba, 25 ga Disamba ce a wurinsa, sai dai da tsohuwar kalandar Juliyas yake lissafi, wadda yanzu take bayan ta Miladiyya da kwana 13.

Na juya tambayar: "A wace rana ta kalandar Miladiyya cocin Rasha ke Kirsimeti?" Ta fi ta farkon daɗi, kuma babu mai ja.

Asabar, 11 ga Janairu

Allura ta tono garma. Na bi sawun kwana 13 ɗin nan, sai ga ni kwana huɗu cikin tarihin kalanda ban leƙa wani kashi ba.

Tushen abin shi ne kalandar Juliyas ta ɗauki shekara a matsayin kwana 365 da kwata cif. Zagayen duniya ga rana kuwa bai kai haka ba, akwai giɓin minti 11 ko makamancin haka. Ɗan hakin da ka raina: duk shekara 128 sai ya taru ya zama kwana guda. Kafin ƙarni na 16 lissafin Ista ya goce daga lokacinsa, shi ya sa a 1582 Fafaroma Gregory na 13 ya ba da umarnin a zubar da kwana goma. Mutane suka kwanta ranar Alhamis 4 ga Oktoba, suka tashi Juma'a 15 ga Oktoba. Abin da ya burge ni, ba a taɓa jerin ranakun mako ba, Alhamis ta miƙa wa Juma'a yadda ta saba.

Daga nan na samu tambayar da nake ji da ita: "Me ya faru a birnin Roma ranar 10 ga Oktoban 1582?" Amsa: babu abin da ya faru, don ranar ba ta zo ba. Amma dole a ce a Roma. In an cire sunan garin, tambayar ta rushe, domin a Landan ranar ta zo ta wuce lafiya lau. Birtaniya ba ta karɓi sabon lissafin ba sai 1752, inda 14 ga Satumba ta biyo bayan 2 ga wata, kwana 11 ke nan saboda giɓin ya ƙaru. Rasha sai 1918, daga 31 ga Janairu aka faɗa 14 ga Fabrairu. Wannan ne dalilin da juyin juya halin da ake kira na Oktoba 1917 yake faɗowa a 7 ga Nuwamba a lissafin yau.

Suwidin ce ta fi ba ni dariya. Ta ce ita a hankali za ta bi, ta riƙa tsallake ranar 29 ga Fabrairu har tsawon shekara arba'in. Ta tsallake ta 1700, sannan yaƙi ya ɗauke hankali, aka bar ta 1704 da ta 1708 a wurinsu. Ƙasar ta wayi gari ba ta tare da masu tsohon lissafi, ba ta tare da masu sabo. Da tufka da warwarar ta ishe su sai suka koma tsohon, suka ƙara rana guda a 1712. Ke nan an taɓa yin 30 ga Fabrairu a duniya. Sai 1753 suka bi sahun sauran.

Cikin 84 na ranar farko, 51 ne suka tsira.

Lahadi, 19 ga Janairu

Na zaunar da ƙanwata don gwaji, ita ce mai gasa ni ne alƙali. Na fara da wadda na ɗauka kyauta ce: kwana nawa ne a shekara?

Ta ce, "Yaya, wace shekarar?"

Na ce ta daina wasa. Ta ce ba wasa take ba, ta Hijira kwana 354 ce ko 355, ta Miladiyya 365 ko 366, in zaɓa. Na ce to wata nawa ne a shekara? Ta ce in je Habasha in tambaya. Gaskiyarta. Kalandarsu wata 13 gare ta, sha biyu masu kwana talatin-talatin, sai ɗan ƙaramin Pagume mai kwana biyar ko shida. Sabuwar shekararsu a Satumba take kamawa.

Na soke duka biyun, amma gardamar ta haifar da wata. Tunda shekarar Hijira ta gaza ta Miladiyya da kusan kwana 11, duk bayan shekara 33 ko kusa da haka sai biki ɗaya ya faɗo sau biyu cikin shekarar Miladiyya guda. A 2000 an yi Ƙaramar Sallah a Janairu, aka sake yi a Disamba. A 2006 Babbar Sallah ce ta yi haka. Zan tambayi shekarar kawai, ba zan tambayi ranar ba, saboda ganin wata yakan bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, ni kuwa ba na neman rigima a kan takarda.

Muna da 73.

Laraba, 29 ga Janairu

Yau Sin ta shiga sabuwar shekara, ta maciji. Ranar tana yawo ne tsakanin 21 ga Janairu da 20 ga Fabrairu, don haka tambayar dabbobi 12 da suke sa wa shekarunsu suna da su na ɗauka, na bar ta kwanan wata.

Kashin bukukuwa cike yake da tarko, kuma na fara rarrabe su gida biyu. Akwai tarkon da in mutum ya faɗa zai tashi da ilimi. Bikin Oktoberfest na birnin Munich, wanda ya samo asali a 1810, a Satumba yake farawa. Bikin 5 ga Mayu na Meziko ba ranar 'yancin kai ba ce, tunawa ce da nasarar da suka yi kan sojojin Faransa a Puebla a 1862, ranar 'yancinsu 16 ga Satumba ce. Ranar ma'aikata 1 ga Mayu ce a ƙasashe da yawa, kuma tushenta yajin aikin Chicago ne na 1886, amma ita Amurka a Litinin ɗin farko ta Satumba take yin tata. Waɗannan duk sun shiga.

Akwai kuma tarkon mugunta, wanda ba ya koyar da komai sai dai ya nuna wayon mai tambaya. Na samu kaina na rubuta irinsa guda shida, ina ta murmushi ni kaɗai. Da safe na karanta su na ji kunya, na goge.

96.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Na shiga fasaha. Kusan kowace tambaya a nan da "wa ya fara ƙirƙiro" take buɗewa, kuma kusan kowacce harshen damo ce.

Ƙwan lantarki: kowa Edison zai ce, 1879. Amma Joseph Swan yana nasa a Ingila a daidai wannan lokaci, kuma da rigimar ta yi tsami sai suka haɗe suka kafa kamfani guda a Birtaniya a 1883. Injin buga littattafai: Gutenberg a Mainz wajen 1450. Amma Bi Sheng na Sin ya yi haruffan yumɓu masu cirewa tun ƙarni na 11, kuma Koriya ta buga littafi da haruffan ƙarfe a 1377. In na ce "a Turai", Gutenberg ya zauna daram. In ban ce ba, na buɗe ƙofar gardama da hannuna.

Intanet ta fi su duka ruɗani, domin mutane suna haɗa ta da yanar gizo kamar abu ɗaya ne. Tim Berners-Lee ya gabatar da tsarin shafukan yanar gizo a 1989 yana aiki a cibiyar binciken kimiyya ta Turai, CERN. Hanyar da shafukan ke bi ta girme su da shekara ashirin. Ranar 29 ga Oktoban 1969 aka aika saƙon farko ta ARPANET, hanyar sadarwar kwamfutoci da intanet ta samo asali daga gare ta, daga jami'ar California da ke Los Angeles zuwa cibiyar bincike ta Stanford. Kalmar shiga mai haruffa biyar aka so rubutawa, ana buga L da O na'urar ta tsaya cak. Saƙon farko ke nan, haruffa biyu da katsewa. Vint Cerf da Bob Kahn ne suka tsara ƙa'idar da kwamfutoci ke magana da juna da ita, wadda ARPANET ta koma kanta ranar 1 ga Janairun 1983. To wa ya ƙirƙiro intanet? Na cire tambayar gaba ɗaya, na mayar da ita uku, kowacce da mutuminta da shekararta.

Dabarar da na gano ita ce in bar tambayar wa ya fara, in koma tambayar me ya faru ranar kaza a wuri kaza. Rana da wuri ba sa gardama kamar yadda magoya bayan masu ƙirƙira suke yi.

Juma'a, 14 ga Fabrairu

Da gangan na ajiye wayar tarho sai yau. A rana irin ta yau a 1876, lauyan Alexander Graham Bell ya shigar da takardar neman haƙƙin mallakar tarho a Washington, kuma a wannan ranar dai Elisha Gray ya shigar da tasa sanarwar a ofishi guda. Bell aka bai wa, 7 ga Maris. Ga kuma Antonio Meucci, ɗan Italiya, wanda ya shigar da tasa tun 1871, har majalisar wakilan Amurka ta yaba da aikinsa a 2002. Tambayar da ta tsira: "Wa aka bai wa haƙƙin mallakar tarho a Amurka a 1876?"

Wayar salula ba ta ba ni wahala ba. Martin Cooper na Motorola ne ya yi kiran farko, 3 ga Afrilun 1973, a titin New York, kuma abokin hamayyarsa na Bell Labs ya kira don ya ji da kunnensa. Saƙon tes na farko, 3 ga Disamban 1992, Neil Papworth ya aika, gaisuwar Kirsimeti ce. Daga kwamfuta ya tura shi zuwa waya, wannan ɗan bayanin ya ba ni tambaya ta biyu kyauta.

Sauran na nishaɗi ne. Sunan Bluetooth daga wani sarkin Denmak ne na ƙarni na 10, Harald. Nokia da masana'antar sarrafa itace don yin takarda ta fara a 1865. Nintendo da katin wasa ta fara a 1889. Ray Tomlinson ne ya sa alamar @ a adireshin imel a 1971.

131.

Litinin, 17 ga Fabrairu

Na tafka ta. Na ajiye tsohon fayil a kan sabo, tambayoyi 22 suka tafi. Na dawo da 17 daga takardun da na yi ta zane-zane a kansu, biyar kuwa sun bi ruwa, ko kan maganarsu ban tuna ba. Daga yau kowane fayil da kwanan wata a sunansa. Mutumin da ya kwashe makonni yana karatun kalanda bai iya sa kwanan wata a aikinsa ba.

126.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Kyautar Nobel ta cinye mako guda, kuma ban yi nadama ba.

"Fannoni nawa ne?" Wasiyyar Alfred Nobel, wanda ya rasu 10 ga Disamban 1896, biyar ta ambata: kimiyyar fiziks, kimiyyar sinadarai, likitanci, adabi da zaman lafiya. An fara bayarwa a 1901. Ta tattalin arziki babban bankin Suwidin ne ya kafa a 1968, aka fara ba da ita a 1969. Biyar daidai ne, shida ma daidai ne, ya danganta da yadda aka tambaya. Na sa "a cikin wasiyyarsa". Ta zaman lafiya a Oslo ake miƙa ta, sauran a Stockholm. Lissafi ba ya ciki. Masu lissafi suna da lambar Fields, duk shekara huɗu, ga waɗanda ba su kai arba'in ba. Maryam Mirzakhani 'yar Iran ce mace ta farko da ta karɓa a 2014, Grigori Perelman kuma ya ƙi karɓa a 2006.

Einstein ya ba ni ciwon kai biyu. Na farko, ba don nazarinsa da ya fi shahara aka ba shi ba, an ambaci bayaninsa ne kan yadda haske ke fizgo lantarki daga jikin ƙarfe. Na biyu, kyautar ta 1921 ce amma a 1922 aka sanar. Haka Albert Luthuli na Afirka ta Kudu, tasa ta zaman lafiya ta 1960 ce, a 1961 ya karɓa. Haka Linus Pauling, ta 1962 a 1963. Duk inda na rubuta "a wace shekara ya samu" sai na koma na gyara zuwa "kyautar wace shekara ce".

Luthuli ya kawo wata matsalar. Ana yawan cewa shi ne ɗan Afirka na farko da ya samu Nobel, alhali Max Theiler, haifaffen Pretoria, ya samu ta likitanci a 1951 saboda rigakafin zazzaɓin shawara. Luthuli na farko ne a zaman lafiya. Wangari Maathai ta Kenya, 2004, mace 'yar Afirka ta farko a zaman lafiya, nan ma sai an ambaci fannin.

Sai masu samu sau biyu. Marie Curie a 1903 da 1911, Pauling a 1954 da 1962, John Bardeen a 1956 da 1972, Frederick Sanger a 1958 da 1980. Shekara arba'in da ɗoriya amsar "huɗu" ce. A 2022 Barry Sharpless ya ƙara ta biyu a kan ta 2001, suka zama biyar. Duk takardar gasar da aka rubuta kafin nan ta tsufa a dare ɗaya. Saboda haka na ƙara wani layi a jadawalina, na sa masa suna "mai ruɓewa". Duk tambayar da amsarta za ta iya canjawa, sai in yi mata alama a nan, a sake dubawa kafin kowace gasa.

Ɗaya da ta taɓa zuciyata: tun 1974 ƙa'ida ta hana bai wa mamaci kyautar. A 2011 aka sanar da Ralph Steinman a likitanci, ashe ya rasu kwana uku kafin nan, kwamitin bai sani ba. Suka bar masa.

158.

Juma'a, 28 ga Fabrairu

Gobe 1 ga Maris, bana babu 29. Ƙa'idar ba "duk shekara huɗu" ba ce kawai. Shekarar da ke cike ƙarni ba ta samun ƙarin rana sai in 400 ta raba ta ba saura. 1900 ba ta samu ba, 2000 ta samu, 2100 ba za ta samu ba.

Na ƙara biyu kan daƙiƙa. Tun 1967 ba da juyin duniya ake auna ta ba, da kaɗawar ƙwayar zarra ta sinadarin cesium ake yi, sau 9,192,631,770. Ba zan sa kowa ya haddace wannan lamba ba, sunan sinadarin ya isa. Duniya kuma ba ta juyawa daidai wa daida, shi ya sa tun 1972 ake ƙara wa agogon duniya daƙiƙa ɗaya jefi-jefi. An yi sau 27, na baya-bayan nan a daren 31 ga Disamban 2016.

Lahadi, 9 ga Maris

Ballon d'Or. Mujallar France Football ta fara ba da ita a 1956, Stanley Matthews na Ingila ya fara ɗauka. Har zuwa 1994 ta Turawa ce zalla, shi ya sa Pele da Maradona ba su ci ta ba a zamanin da suke tashe. A 1995 aka buɗe ga duk mai buga wa ƙungiyar Turai, George Weah na Laberiya ya lashe a shekarar. A 2007 aka buɗe ga duniya baki ɗaya.

Na rubuta: "Wane ɗan Afirka ne ya fara cin Ballon d'Or?" Ƙanwata ta leƙo ta ce, "Yaya, Eusebio fa?" An haife shi a Mozambik, ya ci a 1965, amma Fotugal yake bugawa. Na gyara zuwa "ɗan wasan da ke wakiltar wata ƙasar Afirka". Wannan yarinya ta fi ni dacewa da kujerar alƙali.

Lev Yashin, 1963, shi ne mai tsaron raga ɗaya tilo da ya ci. Messi sau takwas. Ba a bayar ba a 2020. Biyun farko sun shiga layin masu ruɓewa.

197.

Asabar, 15 ga Maris

Wasanni na ɗauka za su zo da sauƙi tunda komai lamba ce. Ashe ita ma lambar tana da wutsiya.

"Wa ya fi zura ƙwallo a gasar cin kofin duniya?" Miroslav Klose, 16. Marta ta Birazil tana da 17. In ban ce "ta maza" ba, na cuci wanda ya fi ni sani. Kuma Messi na da 13, Mbappe 12, ga gasar 2026 tana tafe, don haka ita ma mai ruɓewa ce. Ta Just Fontaine ta fi tsayuwa, 13 a gasa guda a 1958.

"Wa ya ci wasan ƙarshe a 1950?" A ƙa'ida ba a yi wasan ƙarshe ba. Ƙasashe huɗu ne suka yi zagayen kowa-da-kowa, sai ya zamana wasan Birazil da Yurugwai a filin Maracana shi ne mai raba gardama. Canjaras ya ishi Birazil, ita ta fara ci ma, Schiaffino ya farke, Ghiggia ya ƙara. 2 da 1.

Katin gargaɗi da jan kati sun shigo gasar a 1970, amma a wannan shekarar ba a kori kowa ba. Carlos Caszely na Chile ne ya fara ganin ja a 1974. An sha korar 'yan wasa tun kafin zuwan kati, da baki alƙali yake yi, don haka "wa aka fara kora" daban take da "wa aka fara ɗaga wa jan kati".

A Olamfik, gudun yada-ƙanin-wani na 1896 a Atina wajen kilomita 40 ne. Kilomita 42.195 daga gasar Landan ta 1908 ta fito, aka tabbatar da ita a 1921. Abebe Bikila na Habasha ya cinye a Roma a 1960 ba takalmi. Eliud Kipchoge ya yi awa 1 da minti 59 da daƙiƙa 40 a Vienna a 2019, amma ba a ƙirga shi a tarihin hukuma ba, saboda ba gasa ba ce, kuma masu ja masa gudu suna shiga suna fita. Na hukuma shi ne na marigayi Kelvin Kiptum, awa 2 da daƙiƙa 35 a Chicago a 2023.

Lambar zinare ma ba zinare ba ce. Rabon da a ba da ta zinare zalla tun 1912, yanzu azurfa ce da aka lulluɓe da aƙalla giram shida na zinare. A 1896 ma azurfa aka bai wa na ɗaya. Usain Bolt ya tara zinare tara, a 2017 aka karɓe ta gudun miƙa sanda ta 2008 saboda an kama abokin gudunsa da ƙwayar ƙara kuzari, ya koma takwas. Wanda ya haddace tara bai yi ƙarya ba, an dai canja amsar ne bayan ya haddace.

Sai kuma cutar Einstein ta sake ɓullowa a nan. Olamfik ta Tokyo 2020 a 2021 aka yi ta. Kofin Afirka na 2021 a 2022 aka buga a Kamaru, na 2023 kuma a 2024 a Kwaddibuwa. Gasar Melbourne ta 1956 ma ba duka a Ostareliya aka yi ba, wasannin dawaki a Stockholm aka yi su saboda dokar killace dabbobi.

231. Kashin wasanni ya cika.

Alhamis, 20 ga Maris

Yau dare da rana suke daidaita tsawo, lokacin Nowruz ke nan, bikin sabuwar shekara a Iran da Afganistan da tsakiyar Asiya da wurin Kurdawa. Gobe Iran za ta shiga shekarar 1404. Su ma daga Hijira suke ƙirgawa, amma da shekarar rana, alhali a lissafin wata muna 1446. Mafari ɗaya, tazarar shekara 42. Ƙanwata ba ta san wannan ba, na rama.

Ista na gama da ita yau. Lahadin farko bayan cikar wata da ta zo a ranar 21 ga Maris ko bayanta, bisa jadawalin coci, don haka tana kaiwa da komowa tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu. Cocin gabas da na yamma sukan bambanta, amma bana sun haɗu a 20 ga Afrilu.

244.

Asabar, 29 ga Maris

Gwaji na biyu, da mutum huɗu wannan karon. Na karanta tambayoyi hamsin, aka yi gardama a kan uku kawai, duka a lissafin lokaci.

Ƙasar da ta fi yawan shiyyoyin lokaci: biyu suka ce Rasha, mai 11. Amsata Faransa ce, 12, in an haɗa da yankunanta na ƙetare. Ɗaya ya ce wannan tarkon mugunta ne. Na yi tunani, na ga yana da gaskiya rabi. Na ƙara "har da yankunan ƙetare" a cikin tambayar, ko da hakan ya ɗan haska amsar.

Big Ben, agogon nan na Landan: sunan ƙararrawar ne, hasumiyar kuma tun 2012 sunan Elizabeth take ɗauke da shi. Nan ba su ja da nisa ba. Ta uku ita ce Samoa, wadda ta tsallake ranar Juma'a 30 ga Disamban 2011 ɗungurungum, ta koma ɗaya ɓangaren layin kwanan wata don ranakun aikinta su zo daidai da na Ostareliya da New Zealand. Ba su ƙi amsar ba, ƙin yarda suka yi cewa an taɓa yi. Sai da na jawo musu labarin Roma na 1582 kafin suka sauko.

Nepal da ke gaban Greenwich da awa 5 da minti 45, da Sin mai agogo ɗaya duk faɗinta, sun wuce ba musu.

Asabar, 5 ga Afrilu

Mako uku na ce, yau wata uku ke nan saura kwana ɗaya. Lissafin lokaci 60, wasanni 60, lambobin yabo 57, fasaha 52, bukukuwa 42. Jimla 271, saura 29. Masu alamar ruɓewa 34 ne, fiye da rabinsu a wasanni.

Bukukuwa ne suka ja ni baya. Na Indiya irin su Diwali da Holi da wata suke tafiya, kuma dalilin yin bikin yakan bambanta daga yanki zuwa yanki, don haka duk tambayar "me ake tunawa da shi" sai ta fito da amsa fiye da ɗaya. Songkran na Tailan ya fi sauƙi, 13 zuwa 15 ga Afrilu, ya shiga. A fasaha zan cike takwas ɗin da sararin samaniya: Sputnik, tauraron ɗan Adam na farko, 4 ga Oktoban 1957; Gagarin, mutum na farko a sararin samaniya, 12 ga Afrilun 1961; Valentina Tereshkova, mace ta farko, 1963. Saukar Apollo 11 a kan wata 20 ga Yulin 1969 ce, amma takun farko na Armstrong ya faɗo 21 ga wata a agogon Greenwich, yana 20 a Amurka. Sai na zaɓi kalma ɗaya, sauka ko taku.

Litinin zan fara da Diwali. Na riga na gaya wa ƙanwata ta ware min yammacin Lahadi mai zuwa, ta ce sai in na yarda ita ce alƙali.